Jimla Ukun da Tafinta Ya Haɗiye

Tafintan kotu ta huɗu ya ajiye aiki ranar Litinin, bayan ya miƙa wa Mai Shari'a takarda mai shafi biyu wadda a ciki ya amsa da kansa cewa ya haɗiye jimla uku daga bakin wata shaida. Shaidar mai sayar da lemo ce a bakin wata mahaɗar titi. Wanda aka gurfanar direban motar burodi ne, an yanke masa shekara uku bisa laifin tuƙin ganganci da ya yi sanadin mutuwar wani mai keke, kuma ya riga ya yi wata shida a gidan yari.

Abin ya faru ne wata Laraba cikin watan Maris, wajen sha biyu saura minti ashirin, a ɗakin shari'a mai fanka uku da ke hawa na ɗaya. Mutane kusan arba'in ne a ɗakin. Babu wanda ya lura da komai, domin ban da shaidar da Tafinta babu mai jin harshen da ta yi magana da shi.

Shekarunsa hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki a tsaye ya yi su gefen akwatin shaida. Yana jin harsuna huɗu. Na huɗun, wanda ba a cika bukata ba sai sau biyu ko uku a shekara, a wurin mahaifiyarsa ya tsotse shi. Lauyoyi suna kiransa Rikoda, saboda ba ya rage komai. Idan shaida ya ce "to" sau uku, sau uku zai faɗa. An taɓa samun wani dattijo da ya fusata ya zagi alƙalin wancan lokaci, ya haɗa da iyayensa. Tafinta ya juyo ya fassara zagin tsaf, da irin muryar da yake faɗin ranar haihuwar shaida, bai tsallake uwa ba bai tsallake uba ba. Har yau ana ba sababbin lauyoyi wannan labari a kantin shayi.

A bara ne aka gano yana da ciwon daji a ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara. An yi masa gashi da na'ura sau talatin da bakwai. A watan Disamba likita ya ce sakamakon ya yi kyau, a watan Janairu ya koma aiki, ya rame kaɗan, abokan aiki suka yi ta zuwa barka. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne abin da gashin ya bar masa. Fitsari ya daina yi masa sallama. Yana zaune lafiya lau, sai ya ji kamar an damƙe mararsa, kuma daga wannan lokaci minti uku ko huɗu ne gare shi.

Nas ɗin da ke kula da irinsu a asibiti ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba, cutar ta tafi, amma gashin ya bar mafitsarar da saurin fushi. Cokali biyu ne zai taru, sai ta aiko maka cewa ta cika. Ƙarya take yi maka, sai dai ƙarya ce da ba ka isa ka yi banza da ita ba."

"Har yaushe?"

"Wasu wata uku, wasu shekara. Ana koya mata haƙuri kamar yadda ake koya wa yaro."

Ta ba shi takarda mai layuka ya riƙa rubuta lokacin da ya sha ruwa da lokacin da ya zaga. Ta nuna masa yadda zai matse tsokar da ke tsayar da fitsari sau biyar idan abin ya taso, ya tsaya cak har ya lafa. Ta ce ya rage shayi da lemon kwalba. Ta ba shi ƙwaya, ta ba shi fakitin ƙunzugun maza da ake sawa cikin wando, ta kuma sa likita ya rubuta wa wurin aikinsa wasiƙa cewa a ba shi hutun minti biyar bayan kowane minti arba'in.

"Abu ɗaya nake roƙonka, Baba. Kada ka yi abin da kowa ke yi, ka daina shan ruwa. Idan fitsarin ya yi kauri, cizonta yake yi, abin ya ninku."

Ya ce ya ji.

Fakitin ya ɗora shi kan kabad bai buɗe ba. Matarsa ta sauko da shi sau biyu ta ajiye masa kusa da takalmansa, sau biyu yana mayarwa.

"Malam, wa zai leƙa wandonka a kotu?"

"Ni zan sani."

"To ai ka san kana da cutar ma, ba ta hana ka fita ba."

"Maman yara, bar maganar nan."

Wasiƙar likitan kuma ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun cikin kwat ɗinsa. Yana da dalili. Shekara uku da suka wuce mai buga takardu na kotu ta biyu ya kawo irin wannan wasiƙa kan ciwon baya, aka tura shi gaban kwamitin likitoci, cikin wata uku aka sallame shi. Tafinta saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma yana so ya fita da ƙafarsa, ranar da ya zaɓa.

Sai ya tsara nasa maganin. Daga ya tashi da safe ba ya kai ruwa baki sai an tashi daga kotu. Yana zagawa kafin ya bar gida, ya sake a gidan man da ke rabin hanya, ya sake da ya iso. Ya ƙirga takun da ke tsakanin akwatin shaida da banɗakin ƙarshen baranda, sittin da huɗu ne, idan babu 'yan sanda da fursunoni a hanya. Na ma'aikata ya fi tsafta, amma yana hawa na biyu, makullinsa kuma yana rataye a ofishin Rajistara.

Abin da bai samu dabararsa ba shi ne ƙa'idar kotu. Tafinta ba ya fita sai da izini, izini kuma da baki ake nemansa, a gaban kowa, duk abin da aka faɗa a ɗakin kuwa sai an rubuta. Zuwa watan Maris, Rajistara ya rubuta "Tafinta ya nemi izinin fita" sau goma sha huɗu. Shi da Rajistara shekararsu ashirin tare, tebur ɗaya suke cin abincin rana.

"Rikoda, wannan layin naka hatimi zan sa a sassaƙa mini, hannuna ya huta," in ji Rajistara wata rana. "Ko wata ka ajiye a ƙarshen baranda?"

Tafinta ya yi dariya. Rajistara ya ɗauka maganar ciwo ta ƙare tun Disamba, shi kuma bai gyara masa ba.

Ranar Larabar an fara zama tara da rabi. Goma da minti ashirin Tafinta ya nemi izini. Lauyan gwamnati, matashi mai son a yi dariya, ya miƙe rabi.

"Ranki ya daɗe, idan batirin Rikoda ya yi sanyi, a taimaka a sayo mana sabo."

Ɗakin ya yi dariya. Mai Shari'a ba ta yi ba, amma ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

"Minti biyar. Akwai shaidu huɗu kafin ƙarfe ɗaya."

Shari'ar ba mai wuya ba ce a takarda. Motar burodi ta shiga mahaɗa ta buge mai keke. Direban, mutum mai kimanin shekara arba'in da 'ya'ya biyu, ya faɗa wa 'yan sanda tun ranar farko cewa fitilar mahaɗar ba ta aiki, kuma wani mai ba da hannu ne ya ce ya wuce. Rahoton 'yan sanda bai ambaci fitila ba, bai ambaci mai ba da hannu ba. Babu wanda ya goyi bayan maganar direban.

Sha ɗaya da minti goma aka kira mai lemo. Mace ce mai ƙiba, ta haura hamsin, ba ta taɓa shiga kotu ba. Da ta ji Tafinta ya yi mata magana da harshenta, sai ta dafa ƙirji.

"Ashe ɗan'uwana ne! To alhamdu lillahi. Ka faɗa musu duka, ɗan'uwana, ni ba na jin nasu."

Ya fassara wannan ma, aka rubuta.

Ba ta iya amsa gajeriya ba. Aka tambaye ta ina take lokacin da abin ya faru, ta faro daga yadda ta sari lemo da safe, da yadda rabin buhun ya zo a ruɓe, da wadda ta riƙe mata tire ta je ta dawo. Tafinta ya bi ta jimla bayan jimla, har ruɓaɓɓen lemon. Haka aka yi minti ashirin da biyar.

Sha biyu saura minti ashirin da biyar abin ya taso masa. Ya yi yadda nas ta ce, ya matse sau biyar, ya lanƙwashe yatsun ƙafarsa cikin takalmi, ya kafa ido kan gilasan taga yana ƙirgawa. Abin ya lafa na minti biyu ya dawo da ƙarfi. Lauyan gwamnati ya ɗauki jug ya tsiyaya ruwa a kofi, a hankali, kusa da makirufo. Wandon da Tafinta ya sa ranar ruwan toka ne mai haske. Wasiƙar likita tana aljihunsa na hagu.

Lauyan ya kurɓi ruwan ya yi tambayarsa ta ƙarshe.

"Kin ga motar ta rage gudu kafin ta shiga mahaɗar?"

Mai lemo ta ce a'a, ba ta rage ba. Sai ta ci gaba, tana nuni da hannaye biyu. Ta ce fitilar wurin ta kwana uku a mace. Ta ce wani mutum mai rigar aiki ruwan ɗorawa da ke tsaye a tsakiya ya kira motar da hannu ɗaya, ya kira mai keken da ɗaya hannun, lokaci guda. Ta ce da abin ya faru sai ya tuɓe rigar ya dunƙule ta ya shige cikin mutane.

A takardar da ya rubuta daga baya, Tafinta ya ce ya ji kowace kalma. Ya ce lissafi ya yi, kuma lissafin bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. Idan ya faɗi jimlolin nan, lauyan direba zai tashi, lauyan gwamnati zai sake tashi, Mai Shari'a za ta yi nata tambayoyin, ba za a gama ba sai bayan minti arba'in. Idan bai faɗa ba, minti uku. Izini na biyu a zama ɗaya, bayan maganar batir, bai ma sa shi cikin lissafin ba.

"Ta ce a'a, motar ba ta rage gudu ba."

Mai Shari'a ta dakata da rubutu.

"Tafinta, maganar tata ta fi haka tsawo."

"Maimaici ne, ranki ya daɗe."

Ta dube shi kaɗan, ta mayar da kai kan takarda. Shekara tara tana aiki da shi, ba ta taɓa kama shi da ragi ba.

Ya rubuta cewa a lokacin ya faɗa wa kansa lauyan direba zai tambayi maganar mai ba da hannun, sai ya fassara ta a nan. Lauyan kuwa kotu ce ta ba shi aikin, fayil tara ne a gabansa ranar, kuma bai ga amfanin tsawaita magana da shaidar da ta gama cewa motar ba ta rage gudu ba. Ya miƙe ya ce ba shi da tambaya. Aka sallami shaida, aka ɗage zama na minti goma.

Tana saukowa daga akwatin ta riƙo hannun rigarsa.

"Ka faɗa musu na mai rigar?"

Ya gyaɗa mata kai, ya wuce. Ya yi taku sittin da huɗun bai gudu ba. Abin da ya fito bai kai rabin kofin shayi ba.

Ya ce ya yi niyyar gyarawa da zarar an dawo. Da ya dawo, mai lemo ta tafi, an kira shaida na gaba, wanda ba ya bukatar tafinta. Da mantuwa ce, da sai ya miƙe ya ce ya manta. Amma an tambaye shi, ya ce maimaici ne, kuma Rajistara ya rubuta. Ya bari sai gobe. Goben wata shari'ar ce daban.

An yanke hukunci a watan Afrilu. Tafinta yana ɗakin, yana jiran shari'ar da ke biye. Mai Shari'a ta karanta cewa da'awar wanda ake tuhuma game da fitila da mai ba da hannu babu shaida ko ɗaya da ta tabbatar da ita, hasali ma shaidar da ta fi kowa kusa da wurin ba ta ambaci ko ɗaya ba. Matar direban, wadda kullum take zama a layi na uku da jakar leda a cinya, ta tambayi na kusa da ita ko shekara uku aka ce ko wata uku.

A watan Mayu Tafinta ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota, a hanyarsa ta komawa gida. A asibiti aka ce jikinsa ya bushe, kuma ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara. Nas ɗin ta zo ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Baba, abu nawa na roƙe ka?"

"Ɗaya."

"Ɗaya. To ga ruwa a leda muna ɗura maka ta jijiya, tunda ka raina na kofi."

Daga nan ya bi abin da aka ce. Ya koma shan ruwa kaɗan-kaɗan. Ya cika takardar layukan kullum, da irin tsaftar rubutun da yake cika takardun kotu. Ya buɗe fakitin da ke kan kabad, ya gane babu mai iya ganewa ko da wandon mai haske ne. A watan Yuni yana kai awa ɗaya. A watan Agusta awa ɗaya da rabi. Ranar goma sha biyu ga Oktoba ya rubuta awa biyu da minti goma, nas ta zana masa tauraro a gefen takardar. Rajistara ya ce ya fasa sassaƙa hatimin. Matar Tafinta ta lura cewa tun da ya fara samun sauƙi ya rage cin abinci.

Wata Asabar da hantsi tana zazzage aljihunan kwat ɗinsa za ta kai wanki, wasiƙar ta faɗo. Ta yi laushi, gefenta ya fara cinyewa. Yana zaune a falo da jarida.

"Malam, wannan ba ita ce ta watan Janairu ba? Ba ka kai ba?"

Ya ninke jaridar. Ya faɗa mata daga farko har ƙarshe, a jere, kamar yana karanta bayanin wani. Ta zauna a hannun kujera da kwat ɗin a cinyarta.

"Fitsari fa, Malam."

"Na sani."

"Fitsarin da kowa ke yi. Ita Mai Shari'ar ba ta yi? Shi mai batir ɗin ba ya yi?"

Ta ɗaga wasiƙar, ta ci gaba.

"Kai da ka fassara zagin alƙali ba ka tsallake uwarsa ba, sai a kan wannan bawan Allah bakinka ya gaji?" Ta shafa wasiƙar a gwiwarta tana miƙar da ninkin. "Da ka jiƙa wandon ma, ni ce mai wanki. Yana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya biyu."

"Wata nawa yanzu?"

"Shida."

"Kana ta ƙirga mintocinka a takarda, shi ma yana can yana ƙirga nasa." Ta miƙe. "Ban ce maka komai ba. Kai ka san aikinka."

Ta bar masa wasiƙar a kan tebur, ta fita da kwat ɗin.

Ranar Lahadi ya je mahaɗar. Fitilar tana aiki. A inda mai lemo ta ce tana zama, wani mai sayar da murfin waya ya kafa laima. Ya ce an kori masu kasa kaya daga gefen titin a watan Yuli, wasu sun dawo, ita ba ta dawo ba. Mai gyaran takalmi da ke gefe ya ce ya ji ta koma wurin danginta. Mai jarida ya ce a'a, wata kasuwa ta koma. Babu mai lambarta. Da ya tambayi maganar mai rigar ruwan ɗorawa, dukansu suka ce masu irin rigar suna da yawa.

Ranar Alhamis ya shiga ofishin Rajistara ya rufe ƙofa, ya tambaya ko sautin da na'urar kotu ta naɗa a zaman watan Maris yana nan. Rajistara ya ce shekara guda ake ajiyewa. Ya tambayi dalili, aka faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Rikoda, ka san abin da kake nema wa kanka? Rantsuwa ka yi. Wannan ba sallama kaɗai ba ce."

"Na sani."

"Makirufon akwatin shaida ya lalace tun bara, kai ma ka sani. Ta naka aka ɗauko muryarta, daga nesa. Ka ce ba ka ji sosai ba. Ka ce fanka. Ka ce tana cin magana. Wa zai musa?"

"Na ji ta, mutumina. Har ta tambaye ni ko na faɗa."

Rajistara ya daɗe yana kallon tarin fayilolin da ke gabansa.

"Shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya, ina yi maka tsiyar hatimi kana dariya. Da ka faɗa mini, da duk bayan minti arba'in na ɓatar da fayil, a ɗage zama a nemo. Ɓatar da fayil ai shi ne aikin da na fi iyawa a duniya."

Babu wanda ya yi dariya. Rajistara ya jawo aljihun tebur ya ɗauko takardar neman sauti, ya cika ta da hannunsa.

Mai Shari'a ta karɓe shi a ofishinta ranar Litinin kafin a fara zama. Ta karanta shafi biyun ba ta ɗaga kai ba. A baya ya maƙala wasiƙar likita, ta karanta ita ma, ta duba kwanan watan.

"Janairu."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Layi ɗaya zan rubuta a ƙasanta. An amince. Ba sai ta je gaban wani kwamiti ba." Ta ajiye takardun. "Ni na tambaye ka ranar."

"Kin tambaya."

"Na kuma rubuta a hukunci cewa ba ta ambata ba. Da hannuna." Ta juya biro a yatsunta. "Na ji abin da lauyan nan ya faɗa kan batir, na dubi agogo maimakon in dube shi. Wannan nawa ne. Sauran naka ne."

Ta bayyana masa cewa ba ta da ikon taɓa hukuncin da ta riga ta yanke, sai kotun ɗaukaka ƙara. Za ta aika da takardarsa ga lauyan direba da kuma ofishin mai gabatar da ƙara a ranar, kuma ba za ta iya ce masa ba za a tuhume shi ba. Sun yi kusan awa guda. Da za ta sallame shi ta dubi agogo, ta dube shi.

"Kana bukatar fita? Akwai nawa banɗakin a nan ciki."

"A'a, ranki ya daɗe. Yanzu ina kai awa biyu."

Ya ajiye katin shaidar aikinsa a teburin Rajistara ya sauka ta matakalar baya.

Lauyan direba ya shigar da takardun ɗaukaka ƙara ranar Laraba, ya kuma je gidan yari ya sanar da direban. Ya ce direban ya saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya ya yi, ko an faɗa wa matarsa. An ƙi ba da beli kafin a saurari ƙarar. Ofishin mai gabatar da ƙara ya ce yana nazarin takardar tsohon tafintan, bai yanke shawara ba.

Mai kula da na'urorin kotu ya fito da sautin. Muryar mai lemo tana ciki, ƙasa-ƙasa, ƙarar fanka tana rufe ta a wasu wurare, amma ana jin ta yi magana na daƙiƙa ashirin da shida bayan tambayar ƙarshe, fassarar kuma ta ɗauki daƙiƙa uku. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za ta karɓi fassarar mutumin da ya amsa cewa ya yi ragi ba, sai an kawo wani tafinta mai rantsuwa ya saurara. A jerin tafintocin da kotunan yankin suka amince da su, suna ɗaya ne a gaban wannan harshe, kuma an ja masa layi ranar Litinin. An liƙa sanarwar neman mai jin harshen a allon ƙofar kotu da na tashar mota. Har zuwa tashi daga aiki ranar Juma'a, babu wanda ya zo.